Cokalin Tsoho Tokunaga

Tun kafin masu kifi su gama sauke kayansu a bakin ruwa, Tokunaga Shozo ya riga ya tsoma hannunsa na dama cikin ruwan zafi. Kullum haka yake yi, har matarsa Fusae kan ce hannun nan ya fi ta gata a gidan. Ya shafa masa mai, ya miƙe shi, ya lanƙwasa shi, sannan ya zauna ya ci shinkafa da miyar miso, ya ɗauki ƙunshin abincin ranarsa ya hau keke. Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar filin wasa na garin Umenoura, yana tsaye a bakinta. Zai cire hula ya rusuna wa filin da babu kowa a cikinsa, sannan ya shiga.

Aikinsa jifa ne, amma ba irin jifan da ake tafa wa ba. A ƙwallon gora, mai jifa yana jefa ƙwallo ne don mai gora ya kuskure ta. Da haka ake yin suna, da haka ake shiga jarida. Shi kuwa Toku-san, kamar yadda 'yan wasa ke kiransa, an ɗauke shi aiki ne don a buge shi. Kafin a fara wasa, lokacin da kujeru ke wayam, zai tsaya bayan raga ya yi ta jefa wa masu gora na ƙungiyar Shamuwa ƙwallo, su kuma suna narka mata duka har hannunsu ya saki. In ƙwallo ta tsallake katanga, aikinsa ya yi kyau. In aka kuskure, shi ke cire hula ya ba da haƙuri. Da kujeru sun fara cika sai ya tattara ya ɓace, da rigarsa mai lamba uku jere a baya, irin wadda ake ba ma'aikata don kada wani ya zaci 'yan wasa ne. Sama da shekara talatin ke nan yana haka.

Ba ya waiwayawa ya ga inda ƙwallo ta faɗi. Kunne yake kasawa. Yakan ce gora ba ta ƙarya: akwai ƙarar da in ta fita ka san yaro yana cikin hayyacinsa, akwai kuma wadda in ka ji ka san da damuwa ya fito daga gida. Duk surutunsa a fili bai wuce magana ɗaya ba, in bugu bai yi masa ba sai ya ce a hankali, “Kafaɗarka ta buɗe da wuri.” 'Yan wasa har kwaikwayonsa suke yi a ɗakin canza kaya. Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun shaida cewa in gobe za a kara da wani mai jifa mai wuyar sha'ani, Toku-san zai yini yana kallon hotunansa, kashegari ya zo yana ɗaga ƙafa irin tasa, yana karkata wuya irin nasa, don yaran su saba da abin da za su gamu da shi. Ba a taɓa jin ya ce hannunsa na ciwo ba, sai dai mai keken da ke biye da shi ya ga yana tuƙi da hagu kaɗai.

To, ita dai Shamuwa kowa ya san halinta. Sau ɗaya ta taɓa ɗaukar kofi, tun kafin a haifi yawancin masu zuwa kallonta. Duk yaron da ya yi fice a cikinta, manyan ƙungiyoyi ke zuwa su ɗauke shi, ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Mutanen Umenoura sun san wannan, amma abin cikin gida ne, suna yi wa juna ba'a a kansa suna cin taliyarsu.

Sai hunturun bara wani gidan talabijin ya shirya jera ƙungiyoyin ƙasar nan daga sama har ƙasa, bisa abin da kowacce ta yi tun da aka kafa gasar: kofuna nawa, nasara nawa, kaye nawa. A shagon taliyar Goggo Kinuyo da ke bayan fili, mutane sun cika maƙil da yamma suna jira. Ba a wahalar da su da jira ba, don daga ƙasa aka fara, kuma sunan farko da ya fito shi ne Shamuwa. Tazarar da ke tsakaninta da mai bi mata ma abin kunya ce. A can sama kuwa ƙungiyar Dawakai ce ta birnin Higashino, kofunanta sun cika allo. Wani mai gyaran jirgin ruwa ya ce, “To, ai gara da aka fara da mu, mu tafi gida da wuri.” Aka yi dariyar yaƙe.

Da abin ya tsaya nan, da an shanye. Amma baƙon shirin shi ne Isogai Takuma, mai gora na farko a Dawakai, yaron da Shamuwa ta yi rainonsa kafin ya koma can. Mai gabatarwa ya ce masa, “Kai da ka zauna a ƙasa ka zauna a sama, mene ne bambancin?”

Isogai ya gyara zama, aka ga alamar yana son a yi dariya. Ya ce, “A Umenoura ai mun iya bugu, sai dai kafin a fara wasa. Akwai wani tsoho, Tokunaga-san, yana miƙo maka ƙwallo kamar mai ba jariri kunu da cokali. Ka buga ka ji kai wani ne. Da an fara wasan gaske sai ka nemi cokali ka rasa.”

Aka yi dariya a talabijin. A shagon ma wasu suka yi. Toku-san yana can ƙarshen benci, inda ya saba zama, kwanonsa bai kai rabi ba. Ya ajiye tsinken cin abincinsa a kan kwano, ya gode wa Goggo Kinuyo, ya fita ya tura kekensa da ƙafa har gida.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da garin nan ba ya son a tuna. Mutanen da aka kunyata a gaban ƙasa duka suna neman inda za su sauke kunyar, faɗuwa ta zo daidai da zama. Da aka buɗe kakar wasa, sai wasu suka fara sammakon zuwa fili, ba don kallo ba, don su tsaya a bakin raga suna kaɗa cokulan robar da ake bayarwa da shinkafa da miyar kori. “Baba mai cokali, a ƙara mana kunu.” Ba yara ne kaɗai ba, har da masu furfura, har da waɗanda suka yi aji ɗaya da shi. Wani ma ya buga riguna da hoton cokali ya sayar. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowa ya san hakan, amma dukan taiki ya fi sauƙi.

Shi kuwa bai ji haushi ba, da ya ji da ya fi. Yarda ya yi. Ya ce wa Fusae, “Wataƙila gaskiya yaron ya faɗa. Shekara talatin ina ruɗin 'ya'yan mutane, ina sa su ji sun iya.” Ya fara ƙara wa jifansa zafi don kada a ce cokali ne, 'yan wasa suka fara kuskurewa, shi kuma yana ta cire hula yana ba da haƙuri. Kafin tsakiyar kaka ya je ofis ya ce bana ce ta ƙarshe, kuma yana roƙon kada a yi masa komai, ko fure kada a ba shi. Ya ce wanda ya yi aiki a ƙungiyar da ke ƙasan jeri ba shi da fuskar karɓar fure.

Mutum biyu ne kaɗai a garin suka san asalin cokalin nan, Fusae da Goggo Kinuyo. Lokacin da Isogai yake ɗan shekara goma sha tara, wata ƙwallo ta same shi a gefen kai a tsakiyar wasa. Raunin ya warke, tsoron bai warke ba. Da zarar mai jifa ya ɗaga hannu sai ƙafarsa ta ja baya da kanta, kuma ƙungiya ta fara shawarar sallamarsa. Toku-san ne ya ja shi zuwa tsohuwar rumfar shanya komar kamun kifi da ke bayan shagon Goggo Kinuyo. Hunturu guda cur, kullum da safe, yana tsaye kusa da shi yana miƙa masa ƙwallo mai taushi daga ƙasa, a hankali, yana matsawa baya kaɗan kaɗan, har ƙafar ta daina gudu. Fusae ke aiko musu da dunƙulen shinkafa, Goggo Kinuyo ke kawo shayi, ita ce kuma ta sha ganin yaron yana kuka a kan buhun koma. Cokali dai an yi shi, kuma bakin da ya sha shi ne ya je talabijin.

Ranar da aka fara kaɗa cokula, Goggo Kinuyo ta cire gyalen aikinta ta ce yau sai ta tona. Toku-san ya tare ta a ƙofa.

“Kinuyo-san, kar ki yi.”

“In bar butulu ya mai da kai abin dariya?”

“In masu jifa suka ji ya taɓa tsoron ƙwallo, kansa za su riƙa nema. Yana da mata da 'ya'ya.”

“Kai kuma fa? Ba ka da mata?”

“Ni na kusa gamawa,” in ji shi.

Kai ne, Toku-san, aka jefe ka da abin da ka ciyar da mutum da shi, ka kuma tsaya kana kare masa kai. Mun yi ta neman wanda ya ja mu ƙasan jeri, ashe wanda muka kama shi ne yake riƙe da mu kada mu faɗa ƙasa da haka.

Da kaka ta zo ƙarshe, shugabannin ƙungiya, waɗanda su ma kunya ta fara damunsu, suka roƙe shi ya yi jifan buɗe wasa a wasan gida na ƙarshe. Kuma da Dawakai za a kara. Kowa ya san yadda ake yi: baƙo mai daraja ya jefa ƙwallo, mai gora na farko na baƙi ya kai mata duka ya kuskure da gangan, ko da ta faɗi ƙasa tun a hanya, a tafa, a rusuna. Girmamawa ce. Toku-san ya ce a'a. A gida Fusae ta tsare shi a bakin wajen cire takalmi.

“Baba, me ya sa ka ce a'a?”

“Fusae, ni aikina a buge ni. Ranar ƙarshe kuma sai a tsayar da ni a gaban jama'a, yaro ya yi kamar bai iya buga ƙwallona ba? Kuma Isogai? An ce ina ruɗin mutane, shi ke nan sai a rufe da ruɗina.”

“Na ji. Ni kuma shekara talatin ina wanke rigar nan, ina goge ta, ban taɓa ganinta a fili da mutane a kujeru ba. Sau ɗaya nake so. Ba don su ba.”

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya ce to.

Ran wasan da hantsi, wani mutum ya shiga shagon Goggo Kinuyo da hula ja har kan hanci, ya zauna a ƙarshen benci. Ba ta buƙaci ya ɗaga kai ba. Ta zuba masa taliyar udon mai zafi ta ajiye a gabansa, ta janye kwalin tsinkayen cin abinci, ta ɗora masa cokali.

“Ci. Na ji an ce da shi aka raine ka.”

Isogai ne. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ɗauki cokalin, taliya tana sulɓewa tana komawa kwano, yana sake kamowa.

Can ya ce, “Goggo, na je gidan Toku-san tun da bazara. Na durƙusa a ƙofa. Ya ɗaga ni ya ce in daina, wai gaskiya na faɗa, har yana gode mini. Da marina ya yi da na samu sauƙi.”

“Ba zai mare ka ba, jifa kaɗai ya iya.”

“Dariya kawai nake so a yi. Ban zaci...”

“An yi kuwa. Gari guda ya taya ka.” Ta goge teburin da ba shi da datti. “Yau kuma za ka tsaya ka kuskure ƙwallonsa don tausayi, a tafa, ya tafi gida ya tabbatar duk rayuwarsa wasan yara ce. Ka gama da shi ke nan.”

“Al'ada ce, Goggo. In na taɓa ƙwallon nan, gobe duk jaridu ni za su ci.”

“Na sani. Ci taliyarka kafin ta huce.”

Da rana fili ya cika, abin da ba a saba gani ba. Da aka kira sunan Tokunaga Shozo, ya fito da rigarsa mai lamba uku, a goge tsaf. Tafin da aka yi masa na masu jin nauyi ne, kowa yana satar kallon na kusa da shi. Wasu sun zo da cokula a aljihu, amma ganin tsohon yana tafiya shi kaɗai a tsakiyar fili, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ba wanda ya iya fito da nasa. Ya cire hula ya rusuna wa kowane ɓangare. Ya hau tudun jifa, babu raga a gabansa, karo na farko tun yana saurayi. Isogai ya shigo da gorarsa, ya rusuna, bai iya haɗa ido da shi ba.

Waɗanda ke kusa sun ce Toku-san ya ja numfashi kamar mai shirin shan magani mai ɗaci. Bai yi ƙoƙarin burge kowa ba. Irin wadda ya saba ya jefa, mai sauƙi, miƙaƙƙiya, daidai tsakiya, ita ce dai cokalin.

Isogai ya ɗaga ƙafa ya narka mata duka da dukan ƙarfinsa.

Ƙarar ta cika fili. Ƙwallo ta tashi ta bi ta kan katangar hagu ta faɗa can cikin kujerun sama. Ba wanda ya tafa. Mai shela ya yi shiru da abin magana a hannu, kocin Dawakai ya dafe kai, don ba a taɓa ganin irin wannan rashin ta ido ba. Isogai bai gudu ba. Ya ajiye gora a ƙasa, ya cire hular kwano, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya kafa goshi a cikin ƙura, a gaban garin da ya sa dariya.

Toku-san bai waiwaya ya ga inda ta faɗi ba. Ya tsaya da kai a karkace, yana sauraron ƙarar har ta mutu. Sannan ya sauko daga tudu a hankali, ya je ya tsaya a kan Isogai. Mai kamun ƙwallo na Shamuwa, wanda ke tsugune a wurin, shi ya ji abin da aka ce.

“Tashi, kana ɓata wando.”

“Toku-san, ka yafe mini.”

“Na ji ƙarar,” in ji tsohon. “Kafaɗarka ba ta buɗe ba.”

Daga kujerun iyalai aka ji tafin mutum ɗaya, Fusae ce. Sannan fili ya ɗauka gaba ɗaya, mutane suna tafi suna sunkuyar da kai.

An ci Shamuwa a wasan, kamar yadda aka saba. Bayan an tashi Isogai ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi labarin rumfar koma da bakinsa, da tsoron, da kukan, bai rage komai ba, ya ce duk mai son neman kansa da ƙwallo ga shi nan. Shi ya sa yau ake iya rubuta shi. Jaridu sun ci shi kamar yadda ya faɗa, ƙungiyarsa ma ta ja masa kunne. Masu sharar fili kuwa sun ce da yamma sun kwashe cokulan roba cike da buhu daga ƙarƙashin kujeru, duk an tura su can ciki inda ba a gani.

Jerin nan bai canza ba, Shamuwa tana nan a ƙasa, kuma ba ƙarya aka yi mata ba. Sai dai masu jerin, kofuna suka ƙirga, ba su da gurbin mutumin da ya ba da hannunsa a yi ta duka don wasu su iya tsayawa. Garin Umenoura ma bai ba shi gurbi ba sai da aka kusa makara, kuma wannan kunyar ta fi ta ƙasan jeri nauyi.

Toku-san, mun gode. Mun gode da hannun da ka ƙarar a kan 'ya'yanmu, mun gode da bakin da ka kame lokacin da namu ya saki. Ba mu cancanci haƙurin da ka yi da mu ba, kuma mun sani. Wanda duk yake da irinka a wurin aikinsa, mai zuwa kafin kowa, mai tafiya kafin a fara tafi, ya je ya gaishe shi tun yana iya ɗaga hannu. Wanda kuma aka ba shi irin aikinka, ya riƙe shi yadda ka riƙe.

Yanzu da safe Toku-san ba ya zuwa fili, amma har yau yana tsoma hannu a ruwan zafi. Fusae ta tambaye shi na mene ne kuma. Ya ce akwai wani mai gora a ƙaramar ƙungiyar Shamuwa da ƙwallo ta samu a haƙarƙari, ya ji an ce ƙafarsa ta fara ja baya, kuma Goggo Kinuyo ta riga ta share rumfar.